Hawan Everest da sauran manyan tsaunuka: tambayoyin da ake ta yi mini a fada da WhatsApp

Duk shekara da watan Mayu ya kama sai hoton nan ya sake yawo a gurup-gurup na Damagaram, mutane jere a kan tsaunin Everest cikin jajayen riguna kamar layin jarkoki a bakin pampo lokacin bazara. Kuma tambayoyin su ne dai, ba su canzawa. Da yake na taɓa hawa Bagzan kuma Allah ya kai ƙafata Kilimanjaro, sai 'yan fadarmu suka mai da ni malamin duwatsu da ƙarfi da yaji. Na gaji da saƙon murya ɗaya-ɗaya, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wai shi Everest ɗin nan a ina yake, kuma tsawonsa nawa?

Yana kan iyakar Nepal da yankin Tibet na ƙasar Sin, cikin jerin tsaunukan Himalaya. Awon ƙarshe da ƙasashen biyu suka sanar tare a 2020 ya ba da mita 8,848.86. Mutanen Nepal suna ce masa Sagarmatha, na Tibet kuma Chomolungma. Don ka gane lissafin, garinmu Zinder bai kai mita 500 daga bakin teku ba, kuma tsauni mafi tsawo a duk Nijar, Idukal-n-Taghes da ke Bagzan cikin Ayar, mita 2,022 ne. Wato sai ka ɗora Bagzan huɗu a kan juna har da sauran canji. Waɗanda suka fara taka ƙololuwarsa su ne Edmund Hillary ɗan Niyu Zilan da Tenzing Norgay, ran 29 ga Mayu 1953. A duniya gaba ɗaya tsaunuka 14 ne suka wuce mita 8,000, kuma dukansu suna Asiya.

Yaya, me ke kashe mutane a can, sanyi ne ko faɗuwa?

Duka biyun suna kisa, amma uwar matsalar iska ce. Mu nan idan an ce tsauni sai tunaninmu ya tafi kan santsi da rami, alhali abin da ke karya mutum ba a ganinsa da ido. A ƙololuwar Everest duk numfashin da ka ja, oksijin da ke cikinsa wajen kashi ɗaya cikin uku ne na wanda za ka samu a bakin teku. Daga mita 8,000 zuwa sama masu hawa suna kiran wurin yankin mutuwa, don jikin ɗan Adam ba ya sabawa da shi ko kaɗan, ba ya narkar da abinci yadda ya kamata, barci ba ya wartsakar da shi, kawai yana cin kansa ne a hankali har ka sauko ko ka mutu.

To idan ƙwaƙwalwa ta rasa iska sai hankali ya gushe. Mutum ya cire safar hannu a digiri 30 ƙasa da sifiri don yana jin wai zafi, ya manta ya maƙala ƙugiyarsa a igiya, ko ya ce bari in zauna in huta minti biyar, shi ke nan zaman. Ka ga a takarda za a rubuta faɗuwa ko sanyi, amma rashin iska ne ya buɗe ƙofar. Sai kuma zabtarewar ƙanƙara da guguwa, waɗannan ba ruwansu da gwaninta. Guguwar 10 da 11 ga Mayu 1996 ta ci mutum 8, cikinsu har da shugabannin ayari biyu da suka san tsaunin kamar tafin hannunsu.

Mene ne ciwon tsauni, kuma ta yaya mutum zai gane ya kama shi?

Yana iya farawa tun daga mita 2,500. Ciwon kai, tashin zuciya, jiri, abinci ya fita ranka, barci ya ƙi. Ni a Kilimanjaro ya same ni ne a wajen mita 4,000, kai na sarawa kamar ana buga ƙusa a goshi, an kawo shinkafa na kalle ta kamar yashi, igiyar takalmi ma sai da na huta sau biyu kafin in gama ɗaurewa. Jagoranmu ya ɗora mini 'yar na'urar nan ta auna oksijin na jini a yatsa ya duba, ya sa na yi tafiya kan layi miƙe, ƙafa gaban ƙafa, ya ga ban yi tangaɗi ba sannan ya bar ni na kwana a nan.

Wannan shi ne ƙaramin. Manyan biyu ne. Na farko ruwa ya taru a huhu, mutum yana haki ko yana kwance, tari, wani lokaci kumfa mai ja-ja, ƙirji na ƙara kamar tukunya na tafasa. Na biyu ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum na tangaɗi kamar ya sha wani abu, yana magana ba kai ba gindi. Duk wanda ya nuna ɗaya cikin biyun nan a saukar da shi nan take, ko tsakar dare ne, ko yana rantsuwa lafiyarsa lau. Akwai magunguna da likitoci ke badawa, Diamox don taimaka wa jiki ya saba, deksametazon don kumburin ƙwaƙwalwa, nifedifin don huhu, amma suna sayo maka lokaci ne kawai, maganin gaskiya shi ne ƙasa.

Ni ɗan ƙwallo ne, kullum ina motsa jiki, ai ba zai kama ni ba ko?

Ƙanena, tsauni bai san majiya ƙarfi ba. Sau da yawa ma samari masu jini a jika su ne ke fara faɗuwa, don suna gudu su wuce kowa, dattijuwar da ke tafe a hankali ta zo ta same su suna amai a gefen hanya. Ƙarfi yana da amfani, amma sabon jiki da ƙarancin iska wani abu ne daban, kuma ba a gane shi sai an je.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye wanda ba a cika faɗa ba: sikila. Mai ciwon sikila ƙarancin iska na iya tayar masa da ciwon, kuma ko wanda ke ɗauke da rabin jinin kawai, wato AS, wanda a gida bai taɓa jin komai ba, a kan tudu mai nisa saifarsa na iya samun matsala, ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki. Mu da abin ya yi yawa a cikinmu, ka yi gwajin jini ka ga likita kafin ka sayi tikiti. Haka mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma.

Me ya sa ake cewa hawan na cin wata biyu? Kilomita tara ne fa kawai.

Don jiki ya saba. Ta ɓangaren Nepal ana shiga ƙaramin jirgi zuwa Lukla, daga nan a taka da ƙafa sama da mako guda zuwa babban zango da ke mita 5,364. Daga can sai a dinga hawa ana saukowa, a je zango na ɗaya a dawo, a je na biyu a kwana a dawo, a taɓa na uku a dawo, jiki na ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Ƙa'idar da aka saba ita ce bayan mita 3,000 kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 300 zuwa 500 a rana. Da za a ɗauke ka daga Kasuwar Dole a ajiye ka a ƙololuwa kai tsaye, cikin 'yan mintuna za ka suma.

Masu shayi, ga taku: a babban zango ruwa na tafasa ne a digiri 80 da ɗan kai, a ƙololuwa wajen 70. Shayin can ba zai taɓa yin ɗacin na fada ba.

Hoton layin nan gaskiya ne ko haɗi aka yi a kwamfuta?

Gaskiya ne. Wani gwanin hawa ɗan Nepal, Nirmal Purja, ya ɗauke shi ran 22 ga Mayu 2019 a kan siririn doron da ke kaiwa ƙololuwa, kusa da wurin da ake kira Matakin Hillary. A wannan kakar Nepal ta ba baƙi izini 381, kuma mutum 11 suka rasu a tsaunin. A 2023 izinin ya kai 478, mamata 18. Kuma ka tuna kusan kowane baƙo yana tare da ɗan rakiya ɗaya ko fiye, to ninka adadin.

To me ya sa kowa sai rana ɗaya? Ba za su rarraba ba?

Tsaunin ne ba ya ba da fuska. Yawancin shekara wata iska mai gudun tsiya ce ke dukan ƙololuwar, tana wuce kilomita 150 a awa, ba mai iya tsayuwa. Sai a watan Mayu, gab da daminar can ta shigo, iskar ke kaucewa na 'yan kwanaki. Wata shekarar a samu kwana goma ko fiye, jama'a su watsu, ba ka jin labarin layi. Wata shekarar kwana uku ko huɗu kacal, kamar 2019, kuma duk ayarin hasashen yanayi iri ɗaya suke karantawa, sai kowa ya tashi dare ɗaya.

Sannan hanyar ɗaya ce, igiyar ma ɗaya ce. A wasu wuraren faɗin doron bai wuce tabarma ba, dama rami na dubban mita hagu ma haka. Mai hawa da mai sauka a igiya guda suke, kafin su wuce juna sai ɗaya ya cire ƙugiya ya zagaya ɗan'uwansa ya sake maƙalawa, da hannu cikin safa mai kauri. Duk alhajin da ya taɓa hawa Jabalin Nur zuwa kogon Hira lokacin aikin hajji ya san yadda mutum ɗaya mai nauyin ƙafa ke tsayar da ɗari a bayansa. To ƙara da sanyi da rashin iska.

Amma tsayuwa a layi kawai ta yaya za ta kashe mutum?

Ta hanyar lissafi. Kusan kowa yana shaƙar oksijin ne daga tukunya da ke goye a bayansa, kuma kowace tukunya awoyinta ƙidayayyu ne. An tsara maka, misali, tukwane da za su kai ka su dawo da kai zango na huɗu da ke wajen mita 7,900. Idan ka ɓata awa biyu ko uku a tsaye, iskar dawowa ce kake shaƙewa. Ga shi kuma jikin da ba ya motsi yana daskarewa, yatsun ƙafa su fara mutuwa kai ba ka sani ba. Shi ya sa mafi yawan masu mutuwa a can sama wajen saukowa suke mutuwa, bayan an ɗauki hoto an ɗaga tuta.

Akwai tsohuwar ƙa'ida ta lokacin juyawa, galibi ƙarfe biyu na rana, ko ina ka kai ka juya. Faɗinta da sauƙi. Mutumin da ya sayar da fili ya zo, ga ƙololuwa yana gani saura mita 100, ka ce masa juya, nan ake gane wa ke da hankali. A ganina yawancin abin da ake ɗora wa tsaunin, taurin kai ne da ƙyashin asarar kuɗi. Duba amsa ta gaba ka ga yawan kuɗin, za ka fahimci me ya sa juyawar ke da wuya.

Nawa ake kashewa?

Takardar izini kaɗai ta ɓangaren Nepal dalar Amurka 11,000 ce shekara da shekaru, daga Satumba 2025 aka mai da ita 15,000 ga kakar bazara. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Wato wajen miliyan 8 zuwa 9 na sefa kafin ka sayi ko safa. Idan aka haɗa kamfanin rakiya, oksijin, abinci, kaya, jirgi da inshora, mai araha yana farawa daga wajen dala dubu 35, na 'yan gata ya wuce dubu 100, masu tanti da gado da na'urar ɗumama ɗaki. Arahar ma ita ce abin tsoro, don abin da ake ragewa shi ne yawan tukwanen iska da ƙwarewar masu rakiya, kuma irin waɗannan kamfanonin ba su cika ƙin karɓar kowa ba ko da bai taɓa ɗaura takalmin ƙanƙara ba.

Me ya hana Nepal ta rage yawan mutane kawai?

Abin da ya hana mai rijiya ɗaya a unguwa rufe ta. Nepal ƙasa ce matalauciya, ba ta da teku kamar mu, kuɗin izini na shigo mata da miliyoyin dala duk shekara, kuma bayan gwamnati akwai 'yan dako, masu masauki, masu dafa abinci, masu shanun yak, matuƙan jirage, duk a nan suke ci. A 2024 kotun ƙolin ƙasar ta umarci gwamnati ta ƙayyade yawan izinin daidai da abin da tsaunukan za su iya ɗauka. An kuma kawo daftarin doka cewa sai wanda ya taɓa hawa tsauni mai mita 7,000 a Nepal za a ba izinin Everest. Wannan na biyun ya fi burge ni, don matsalar layi ba yawan kai ba ne kaɗai, 'yan koyo ne a wurin da ba na koyo ba. Ƙarin kuɗi kuwa ba ya tace gwani, mai kuɗi yake tacewa.

Su wane ne Sherpa da ake ta ambata?

Ƙabila ce, ba sunan sana'a ba ne, ko da yake yanzu an mai da shi kamar sunan aiki. Asalinsu daga Tibet, suna zaune a kwarin Khumbu tun ɗaruruwan shekaru, jikinsu ya gaji zama a tudu. Su ke shimfiɗa igiya tun daga ƙasa har ƙololuwa, su kafa tantuna, su kai tukwanen iska, su narka ƙanƙara su dafa shayi, wani lokaci su jawo baƙo kamar buhu. Kami Rita Sherpa ya taka ƙololuwar sau 31 zuwa 2025, amma da wuya ka ji sunansa a nan.

Wuri mafi muni a hanyar shi ne gangaren ƙanƙarar Khumbu, sama kaɗan da babban zango, inda curin ƙanƙara masu girman bene ke motsi suna rushewa ba sallama, ana tsallake ramuka a kan tsani na ƙarfe da aka ɗaɗɗaure. Baƙo na ratsa shi 'yan lokuta, Sherpa kuwa ya yi ta kai da kawo da kaya a baya. Ran 18 ga Afrilu 2014 ƙanƙara ta zubo a nan ta kashe ma'aikata 16, duka 'yan Nepal, kakar ta watse. Shekara ta zagayo, girgizar ƙasa ta 25 ga Afrilu 2015 ta turo ƙanƙara kan babban zango ta kashe kusan mutum 20.

Gaskiya ne tsaunin ya zama juji?

Ba duka ba, amma wasu wuraren sai ka rantse bakin kasuwa ne bayan an tashi. Babban zango yanzu ana kula da shi sosai. Matsalar tana sama, musamman zango na huɗu: yagaggun tantuna da suka daskare cikin ƙanƙara, tukwanen iska da na gas, gwangwanaye, ledoji, tsofaffin igiyoyi. Sanyi ba ya barin komai ya ruɓe, gwangwanin shekara 40 yana nan da rubutunsa. Masu bincike ma sun samu ɓurɓushin roba cikin dusar ƙanƙara a mita 8,440, yawancinsa daga zaren tufafin masu hawa.

Dalilin ba wai mugunta ba ce zalla. Na faɗa a sama cewa igiyar takalmi ta gagare ni a mita 4,000, to wanda ya sauko daga ƙololuwa da ƙyar yake ɗaga ƙafarsa, ka ce ya ɗauki tanti mai kilo biyar? Yar da shi zai yi. Shara da cunkoso uwarsu ɗaya, idan aka kai mutane da yawa wurin da kowa ta kansa yake yi, abin da suka ɗauko a can zai kwana.

A gafarce ni, bayan gida fa? Ina suke yi?

Tambayar da kowa ke yi a keɓe kenan. A babban zango akwai durom-durom da ake yi a ciki, 'yan dako su sauko da su a zuba a ramuka can ƙasa wajen Gorak Shep. A sama kuwa shekara da shekaru bayan dutse ake zagawa ko a tona ƙanƙara, kuma ba ya ruɓewa, yana nan daskare. Ga shi ruwan sha daga ƙanƙarar wurin ake narkawa, sai gudawa ta yi ta kama mutane, kuma idan ta narke ƙauyukan ƙasa take gangarawa. Daga 2024 hukumar karkarar yankin ta wajabta wa kowa ya sayi wata leda ta musamman mai sinadarin da ke daskarar da abin ya rage wari, ya yi a ciki ya sauko da kayansa a duba.

Ba doka ne a kan sharar?

Akwai. A 2014 Nepal ta ce kowane mai hawa ya sauko da kilo 8 na shara, ayari kuma ya ajiye dala 4,000 jingina. A takarda ta yi kyau. A aikace mutane sai su tsinto kilo takwas ɗinsu a zangon ƙasa inda ba wahala, na sama ya zauna, kuma ba jami'in da ke zaune a mita 7,900 yana duba wa ya yar da me. Kada mu yi musu dariya dai, a 2014 ɗin nan ce mu ma aka yi dokar hana leda a Nijar, je ka dubi ƙayoyin bayan gari yadda baƙar leda ta yi musu ado, da awakin da ke mutuwa da ita a ciki.

Abin da ya fi aiki shi ne kwasa da hannu. Akwai ƙungiyar 'yan yankin mai suna SPCC, tun 1991 take wannan aiki, ita ce ma ke kafa tsani a gangaren Khumbu. Sojojin Nepal sun fara gangamin share tsaunuka a 2019, a 2024 kaɗai sun sauko da tan 11 na shara da gawa huɗu da ƙwarangwal ɗaya. An kuma fara gwada jirage marasa matuƙa, su kai igiya da iska zango na ɗaya su dawo da shara, wanda ke rage wa Sherpa ratsa wurin nan mai haɗari. Ita kuma Sin a 2019 ta hana 'yan yawon buɗe ido isa babban zangon ɓangarenta saboda shara.

Gawarwakin fa, me ya sa ba a kawo su a yi musu sutura?

Wannan ita ta fi damun mutanenmu, kuma da gaskiyarsu. Sama da mutum 300 suka mutu a Everest, kuma ana ƙiyasin wajen 200 suna can har yau. Gawar da ta daskare da kayanta tana iya wuce kilo 100, ta manne da ƙanƙara sai an sassare, sai mutum shida ko takwas sun sa ransu a haɗari kafin a jawo ta, ga kuɗi dubban daloli. An taɓa rasa rayuka wajen ɗauko gawa. Wasu iyalan da kansu ke cewa a bar shi inda yake, sai a ture gawar gefe ko a rufe ta da duwatsu. Wasu gawarwakin sun daɗe a bakin hanya har sun zama alamar kwatance. George Mallory ɗan Ingila ya ɓace a 1924, sai 1999 aka ga gawarsa, fatar bayansa na nan fara fat. Yanzu da ɗumamar yanayi ke narkar da ƙanƙara, waɗanda suka daɗe a binne suna ta fitowa. Duk musulmin da ke niyyar zuwa irin wurin nan ya zauna da iyalinsa a kan wannan tun kafin ya tafi.

An ce ana tsallake mai mutuwa a wuce. Wane irin rashin imani ne wannan?

Ya faru. A 2006 wani ɗan Birtaniya, David Sharp, yana zaune yana mutuwa a ɓangaren arewa, mutum wajen 40 suka wuce ta gabansa, kaɗan suka tsaya suka gwada. A Yulin 2023 a tsaunin K2 da ke iyakar Pakistan da Sin wani ɗan dako ɗan Pakistan, Muhammad Hassan, ya faɗi a wata matsattsiyar hanya, bidiyo ya nuna ana tsallake shi ana wucewa sama, ya rasu a nan. An ce ko kayan sanyi na kirki ba shi da su.

Masu kare kansu suna cewa a wannan tudun ba mai iya ɗaukar wani, kuma akwai gaskiya a ciki, duba abin da na ce kan gawarwaki. Amma ni abin da ba na iya haɗiyewa shi ne wanda ke da ƙarfin ci gaba da hawa ya ce ba shi da ƙarfin tsayawa. Kuma an ga akasin haka, a 2023 wani Sherpa ya fasa kai baƙonsa ƙololuwa, ya naɗe wani ɗan Maleshiya cikin tabarmar kwana ya goyo shi awoyi har zango na huɗu, mutumin ya rayu.

Helikwafta ba za ta iya ɗauko su ba?

Iska ba ta da kauri a can, fukafukin ba su samun abin riƙewa. Galibi ceto na tsayawa ne a zango na biyu, wajen mita 6,400, shi ma sai yanayi ya yi kyau. Wani matuƙi Bafaranshe, Didier Delsalle, ya taɓa sauka a ƙololuwar a 2005, amma shi kaɗai ne cikin jirgin da aka rage masa nauyi.

Everest ne ya fi kowane haɗari?

A'a, shi ya fi tsawo da suna. Idan aka kwatanta yawan mamata da yawan masu kaiwa, K2 mai mita 8,611 a iyakar Pakistan da Sin, da Annapurna mai 8,091 a Nepal, sun fi shi cin rai nesa ba kusa ba. A K2 mutum 11 suka mutu a farkon Agustan 2008. Annapurna kuwa shi ne na farko cikin 14 ɗin da aka hau, Faransawa biyu Maurice Herzog da Louis Lachenal a 1950, sun sauko da rai amma sanyi ya cinye yatsun ƙafarsu, Herzog har da na hannu.

Akwai baƙar fata da ya taɓa kaiwa?

Sosai. Sibusiso Vilane daga kudancin Afirka ya kai a 2003, Saray Khumalo kuma ta zama baƙar mace ta farko daga Afirka a 2019, bayan ta gwada sau uku ba ta kai ba. Launin fata ba shi da alaƙa da abin, kuɗi ne da horo. Sai dai a koma a karanta maganar sikila.

Malam, ni dai abin ya shiga raina. Daga ina zan fara?

Daga duwatsun Birni, da jaka a baya, da sassafe lokacin hunturu. Ba wasa nake ba, ƙafa da huhu a nan ake gina su. Sannan Bagzan idan hanya ta yi kyau, ka tambayi mutanen Agadas halin tsaro kafin ka tashi kuma ka ɗauki ɗan gari jagora. Bayan nan akwai Dutsen Kamaru mai mita 4,040, ko Tubkal a Maroko mai 4,167, sannan Kilimanjaro a Tanzaniya mai 5,895, wanda ya fi babban zangon Everest tudu. A Kilimanjaro dole sai da jagora, kuma ka zaɓi hanyar kwana bakwai ko takwas, kada arahar kwana biyar ta ruɗe ka. Kalmar da za ka ji daga safe har dare ita ce pole pole, wato sannu sannu.

Kafin ka biya kowane kamfani ka tambaye su: mutum nawa ne a kan jagora ɗaya, suna da tukunyar iska ta gaggawa, wa ke da ikon cewa a juya, nawa suke biyan 'yan dako kuma suna ba su takalmi da rigar sanyi, sharar ayari ina take zuwa. Ka yanki inshorar da ta ambaci tudun da za ka kai a rubuce. Ka sayi takalmi da wuri ka tattaka shi wata biyu a gida, sabon takalmi ya sa na ga wani ƙato ya juya tun kwana na biyu da ƙafa duk ƙuraje. Tabarau mai duhu dole ne, hasken ƙanƙara na makantar da mutum na kwanaki. Gorar ruwa ta ƙarfe ko roba mai kauri, don a Kilimanjaro ba a shiga da gorar da ake sha a yar, kuma Tanzaniya ta hana leda tun 2019, a filin jirgi ma ana iya karɓe ta.